Gidan da Bangonsa ke Tafiya

Gidan Kafinta ba ya zama wuri ɗaya, kamar dai mai shi. Bangon waje kaɗai ya gina da siminti. Na ciki duk katako ne a kan tayoyi, suna gudu bisa layin ƙarfe da ya shimfiɗa a ƙasa. In an haihu, a tura bango. In 'ya ta yi aure, a jawo, falo ya sarara. Maƙwabta suna ta rushewa suna sake gini, shi yana yi musu dariya.

Ranar da babban ɗansa ya dawo daga asibiti da labarin matarsa tagwaye za ta haifa, murna ta kusa kayar da tsohon. Sai ɗan ya sunkuyar da kai.

"Baba, ɗakinmu ba zai ɗauke mu ba. Na fara neman haya."

Kafinta ya miƙe zumbur. Jikokinsa a gidan wani?

"Haya? Ina raye? Kowa ya fito!"

Nan fa gida ya kacame. Kafinta ya gutsuri falo, uwargidansa na rungume da labule tana ihu, "Malam, kujeruna!" Ya matse kicin har tukwane suka dinga ƙara. Auta tana turawa tana tuntsira dariya. Ɗan ya auna da tef ya girgiza kai: gadon jarirai biyu ba zai shiga ba.

Saura ɗakin aikin tsohon, inda zarto da guduma ke rataye. Ko shawara bai yi ba. Ya faɗa ciki, ya kama bangon yana ja da baya yana rera "Ƙara! Ƙara!", su kuma suna turowa daga waje. Sai da bayansa ya bugi teburin aiki ya tsaya. Ashe bangon ya wuce ƙofar ɗakin, ya toshe ta ruf.

Can muryar ɗan ta ratso katako: "Baba, ya isa, har da wurin wasa. Mun fasa tashi."

Tsohon ya haye tebur ya zauna, gwiwoyinsa na gogar bango. Daɗi ya cika shi har hawaye suka zubo.

"Malam, bari mu mayar da shi kaɗan ka fito," in ji matarsa.

"Duk wanda ya taɓa bangon nan, ni da shi ne! Ta taga zan riƙa fita."