Ranar da Obed Ya Ƙi Taka Mota

Ina tsaka da fiɗar wani sa a mahautar Talata Mafara aka kira ni a waya, wai ƙanena Jafaru ya rasu. Tseren motar nan da samari ke yi daga Bakura zuwa Maradun duk ranar kai amarya, shi ya yi ajalinsa. Baba ya ce jana'iza a Maradun bayan La'asar, kuma ba za a ajiye gawa don jirana ba.

Ni na goyi yaron nan. Na rantse ko da rarrafe sai na sa shi a kabari da hannuna.

Da jini a riga na ruga wurin Obed, babban abokin tseren Jafaru. Ranar Lahadi ce, yana coci, shi ya sa bai shiga na ranar ba. Duk garin nan babu mai taka mota irinsa. In ya wuce ta unguwa, kaji sai su daina ƙwai. Na ce madalla, yau haukan yaran nan zai yi mini rana. Muka ɗauki Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, muka kama hanya.

Mun fita gari, sai na ga itatuwa ba sa wucewa.

"Obed, motar ce ba lafiya?"

"Lafiyarta lau, Yaya Isa."

"To taka mana!"

"Na bar gudu, Yaya. Tun da na ji labarin na bari."

Kai jama'a! Liman ya yi wa'azi, fasto ya yi, uwarsa ta yi kuka har ta gaji, wanga yaro bai tashi tuba ba sai ranar da nake bukatar shaiɗancinsa.

Wani mai jaki ya cim mana, ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya ji abin da ya faru, ya yi mana gaisuwa da addu'a cikakkiya, sannan ya wuce ya bar mu. Gwaggo kuwa ta taga ta sayi goron 'yan zaman makoki. Ta taya, aka yi albarka, ta ƙara, aka sallama, har gyara ta karɓa, motar ba ta tsaya ba.

Na yi lallashi, na yi zagi. Na ce ya sauka ya ba ni tuƙin, ni da ko keke sai an riƙe mini.

"Ƙyale shi, Isa," in ji Gwaggo. "Tafiya sannu sannu kwana nesa."

"Gwaggo, ba kwana za mu ba, jana'iza za mu!"

Ina cikin masifar muka sha wata kwana, sai ga motar Jafaru a gonar gero, tayoyi sama, ta dunƙule kamar gwangwanin madara da aka taka. Jini sana'ata ne, ban taɓa kau da kai don shi ba. Ranar sai da na kau da kai. Na dubi Obed, hawaye har haɓa.

Sai na ji bakina ya ce, "Obed, rage gudu."

"In ya rage kuma ai baya za mu koma," in ji Gwaggo, tana share ido da bakin mayafi.

A bakin gari muka haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, makara ba kowa. An gama. Ban ga fuskarsa ba, ban zuba ko ƙasa ba, kuma wallahi har yau abin na cina.

Obed ya fito ya zube gaban Baba. "Baba, a yi mini afuwa. Ni na makarar da shi."

Ni Baba ya fara dubawa tun daga kai har ƙafa, yana taɓa kafaɗata, yana taɓa hannuna. Sannan ya ɗaga Obed.

"Tashi, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tun da aka ce kai ka ɗauko shi, na ce wa masu haƙa kabari kada su yi nisa."

Nan na zauna dirshan a ƙasa na fashe da kuka.