Sunayen Shanu a Aikin Gida

Dokar Dakta Mas'uda a kwas ɗin koya wa na'ura ba ta da kwana-kwana: a tattauna aikin gida, amma kowa ya rubuta nasa. Wanda ya bayar da wanda ya karɓa duk sun faɗi, sai su maimaita shekara. Wanda kuwa ya ɗauka ba da sanin mai shi ba, korarsa za a yi shi kaɗai.

Hammadu ɗan makiyaya ne daga wajen Yusufari, yana shekarar ƙarshe a jami'a a Gashuwa. Sai da ya ci wuya kafin kwamfutarsa ta iya bambance lafiyayyen ganyen gero da mai cuta. Kowane tarin hotuna sai an raɗa masa suna a cikin aikin, shi kuwa da kewar gida ta ishe shi sai ya sa musu sunayen shanun babansa: Wule, Saye, Woɗe.

Ashe ɗan ɗakinsu Muktar ya buɗe kwamfutar ranar da Hammadu ya tafi Juma'a, ya kwashe aikin, ya miƙa shi a matsayin nasa. Ragon banza, ko sunayen bai canja ba. Ɗan 'yan kasuwar Nguru ina shi ina Wule? Dakta na gani ta kira su ofis, ta tambayi Muktar ma'anar kalmar, ya tsaya yana sosa ƙeya. Mai aiki dai ya bayyana. Ta juyo kan Hammadu.

"Kai ka ba shi, ko ɗauka ya yi?"

Alhaji Musbahu, uban Muktar, shi ne fatoman baban Hammadu a kasuwar shanu ta Nguru, wato mai masaukinsu, tun kafin a haife shi. A zaurensa suke kwana, tuwonsa suke ci. Da wane baki zai kira ɗan gidan ɓarawo?

"Ni na ba shi," ya ce, kansa a ƙasa.

Dakta ta ce ya sake tunani, ya tsaya a kan maganarsa, ta kayar da su duka biyun. Tun shigarsa jami'a bai taɓa yin ƙarya a kan karatu ba sai ran nan, abin ya yi masa ciwo fiye da shekarar da ta tafi.

Da hutu ya zo suka hau motar Nguru tare, Muktar barcinsa ya sha. Da suka isa, labari ya riga su. Alhaji yana zaure, ko amsa gaisuwar Hammadu bai yi ba.

"Mu riƙe ka kamar ɗa, ka lalata mini yaro? Da ba ka ba shi ba, ai da ya yi da kansa."

Hammadu ya dubi Muktar. Muktar yana duban wayarsa.

"A yi haƙuri, Baba," in ji Hammadu, yana durƙushe.