Jan Biron Akawu

Akawu da bakinsa ya yarda yana da ɗan aibi guda: ba ya iya ganin rubutun wani ya bar shi ba jan biro. Ko takardar magani aka miƙo masa, sai ya laluba aljihu.

To, sai ga 'yarsa Auta da aikin jarrabawar Turanci da adabi: sharhi shafi shida a kan wani littafin labari, na tsohon direban jirgin ƙasa da 'ya'yansa suka daina ziyarta. Makin aikin za a haɗa da na jarrabawa, kuma da shi za ta samu gurbin karatun gaba ko ta rasa.

Ranar Asabar ya tarar da takardun a kan teburin cin abinci.

"Baba, malamarmu fa ta ce kowa ya yi da kansa."

"Wa ya ce zan yi miki? Dubawa ce kawai. Shekara ashirin da shida ina rubuta wasiƙun ofis, ba a taɓa dawo min da ko ɗaya ba."

"Saboda ba mai karantawa," in ji matarsa daga kicin.

Ya yi kunnen uwar shegu. Auta ta rubuta cewa tsohon ya ba ta tausayi, har ta kasa cin abinci. Akawu ya soke. Ina ruwan mai jarrabawa da cikinta? Ya sa wa kowane sakin layi lamba. Ya buɗe da "dangane da batun da ke sama", ya mai da kaɗaicin tsoho dalilai uku da shawarwari biyu, ya rufe da fatan za a duba da idon rahama. Littafin kuwa bai karanta ba. Bayan bangon ya ishe shi, mai gwaninta ba ya buƙatar dogon bayani.

"Kin saka gyarana?" ya tambaya ranar miƙawa.

"Na saka, Baba," ta ce tana ɗaura igiyar takalmi.

Da sakamako ya fito, Auta ta haye, da ƙyar, maki biyu sama da iyaka. Akawu ya zaga ofis tebur-tebur. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," yake cewa, har masinja sai da ya ji sau biyu.

Da yamma ya nemi takardar bayanin malamar, ya gyara tabarau, ya karanta wa matarsa da ƙarfi. Shafi biyar na farko, in ji malama, akwai rai da basira, da an ɗore haka da ta zo ta ɗaya. Shafi na shida kuwa kamar takardar neman hutun shekara, nan maki goma sha biyu suka zube.

Auta ba ta iya yi wa ubanta ƙarya. Shafi na shida kaɗai ta saka nasa.