Wankan Malam Tasi'u

Tabarma ɗaya, buta, kwanon sha, bargo, carbi, da takardar likita a ninke. Kayan ke nan da Abdulƙadir ya ɗauko daga asibitin birni, ban da maƙwabcinsa Malam Tasi'u, wanda ya jingina da kafaɗarsa a kujerar baya ta motar Ɗambatta. Shekarun nan ne da sai an bi layi ake samun sabulu. Likita ya ce ba su da maganin ciwon, a mai da shi gida.

Ana cikin tafiya abin ya taso. Fuskar Malam ta rine har wuya, idanu suka kaɗa suka yi jawur, gumi ya keto masa. Wata tsohuwa da ke gefe ta janye jikinta.

"Inna, ba giya ba ce," in ji Abdulƙadir.

"Yo ni na ce giya ce?"

"Ƙyale ta," Malam ya ce da ƙyar. "Ita dai a gaban idona ta yi nata."

Shekara goma sha tara Malam yana jan salla a masallacin unguwarsu. Da ciwon ya fara, sai ciki ya murɗa masa ana tsakiyar salla, ya fice a guje, ya dawo ido jajir. Nababa, mai wankan gawa na ƙauyen, shi ya fara cewa ya san inda ake samo irin wannan ido. Kafin a yanke gero an sa wani yana jan salla, iyaye sun kwashe 'ya'yansu daga makarantarsa. Babu wanda ya faɗa masa dalili.

Abdulƙadir ya yi shekara shida a kudu yana koyon aikin asibiti, don haka ya gane bayanin likita. Ƙari ne a hanji, ya kai hanta, yana zuba wani sinadari mai suna sirotonin cikin jini. Shi da ire-irensa ke buɗe jijiyoyin fata fuska ta rine, shi ke tsinka ciki, shi ya taurara ƙofofin zuciya har ƙafafu suka kumbura.

Da suka isa gida ya kwantar da Malam, ya zaro takardar.

"Ranar Juma'a zan karanta musu ita da Hausa, kowa ya ji."

"Ba za ka karanta ba."

"Malam, sun ɓata maka suna."

"Shekara sha tara suna bin bayana. In wannan bai ishe su shaida ba, rubutun wani yaro mai farar riga ne zai ishe su?" Ya miƙa hannu, ya kira matarsa. "Hure, ga abin hura wuta."

Hure ta dubi Abdulƙadir, ta dubi mijinta, ta karɓa. A ƙarƙashin tukunyar kunu ta cusa ta.

Kwana tara ya ƙara. Ya cika ranar Talata da hantsi, ana jin daka daga gidajen maƙwabta. Nan da nan zaure ya cika da mutanen da rabonsu da gidan tun bara. Sai ga Nababa da ƙwarya da ganyen magarya, yana naɗe hannun riga.

"Allah ya jiƙansa," ya ce, "ya yafe masa abin da ya ɓoye mana."

Abdulƙadir ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin da gawar take.

"Baba Nababa, an ce mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani a jikin mamaci."

"Haka yake."

"Kai kuwa yana raye ka faɗi abin da ba ka gani ba."

Nababa ya yi tsaki.

"Kai ɗan boko, ka ma san ta inda ake farawa?"

"Da alwala, sannan gefen dama. Shi ya koya min, a nan zauren."

Daga tsakar gida Hure ta ce, "Ruwa ya yi ɗumi," ta turo bokitin ta bayan asabari. Abdulƙadir ya ɗauka ya shiga, ya turo ƙyauren ya sa sakata. Ta bayan ƙofar suka ji muryarsa.

"Ni zan yi masa wanka. Ku jira salla a waje."