Yatsan Gwaggo Indo

Ranar da Gwaggo Indo ta buɗe asusu a banki, ma'aikacin ya riƙe babban yatsanta ya ce mata babu mai ganin abin da ke ciki sai ta dangwala. Ita kuwa ta ɗauki maganar ta kai ƙauyensu Tafoki yadda aka faɗa mata, har da rantsuwa. Shi ya sa matan unguwa suka mai da asusunta rumbunsu. Wadda ɗanta ke Legas, wadda ɗiyarta ke aure a Kaduna, duk ta nan ake aiko musu ɗan abin magani ba tare da maigida ya sani ba. Ranar kasuwar Yankara Indo ta cire a wajen Sha'ibu mai na'urar cirar kuɗi, ta bi gida-gida ta miƙa a ƙarƙashin faifai.

Sai aka kama Sha'ibu bisa zargin taɓa kuɗin 'yan bindiga. Kotu ta aika wa banki sammaci, ta ce a kawo bayanan waɗanda suka yi hulɗa da shi. Aka karanta na Indo a fili, suna bayan suna. Ɗanlahadi, mijin aminiyarta Mairo, yana zaune cikin 'yan kallo ya ji sunan ɗiyarsa cikin masu aiko da kuɗi. Kafin la'asar Mairo ta sha faɗan da ba ta taɓa sha ba, matan kuma suka yanke hukunci: Indo ta dangwala.

Ta hau motar Kankara, ta tsaya gaban teburin wani Mas'ud a bankin.

"Kai, dubi yatsan nan. Ka ga tawada?"

"Hajiya, zauna mana."

"Ban je Makka ba, kuma ba zama ya kawo ni ba. Wa ya buɗe mani ciki a gaban maza?"

Ya duba kwamfuta. Ya ce umarnin kotu ne, in alƙali ya nema ba a jiran yatsan kowa. Ya ce sun ma turo mata saƙo a waya.

"Yaushe?"

Ya faɗi watan. Indo ta tafa hannu.

"Lokacin da gwamnati ta yanke mana sabis? Ko kukan jaki ba ya shiga wayar nan a lokacin! Kuma da mi zan karanta, da hanci?"

Mas'ud ya sassauta murya. Ya ce da ta samu labari da wuri, da lauya zai iya roƙon kotu a duba abin da ya shafi Sha'ibu kawai, a bar sauran a rufe. Wataƙila a yarda, wataƙila a ƙi.

"To a roƙa yanzu."

"Gwaggo, an riga an karanta."

Sai ta kwance bakin zane ta fito da wayar.

"Ba diyya nake so ba. Yi magana a nan. Ka ce Indo ba ta dangwala ba, ku kuka ba da. In kai wa Mairo ta ji da kunnenta."

Ya kalli ƙofar manaja. Ya ce ba a yarda a ɗauki muryarsu ba, amma zai iya rubuta mata.

"Wa zai karanta mata? Ɗanlahadi?"

Mai gadi ya matso a hankali, ya ce akwai mutane a layi.

Da ta isa Tafoki ta zarce gidan Mairo ta yi sallama. Tana jin daka a ciki, sai dakan ya tsaya. Ta sake sallama. Can aka ziro faifanta ta ƙarƙashin asabari, wanda take rufe saƙo da shi.

Indo ta ɗaga yatsan sama, ta nuna wa asabarin.

"Mairo, leƙo ki gani mana. Fari tas yake."

Aka ci gaba da daka.