Wasiƙar da Akawu Sylvanus Bai Ƙarasa Ba

"Riƙe alƙalamin da kyau, Maman Judith, ba muciya ba ce," in ji Akawu Sylvanus daga kan gadonsa.

Ji na yi kamar in wurga masa abinsa. Mutum rabin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, amma raini na nan daram. Kwana huɗu ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a bakin gidan waya, kuma duk gidan hayarmu na Makera ba mai leƙa shi da son rai. Ni ma fasto ne ya roƙe ni, don ni kaɗai na iya rubutu a gidan. A ajin matan coci na koya.

Da tebur ɗaya da kwalbar tawada Sylvanus ya fara, yana rubuta wa leburori wasiƙun gida. Daga nan ya koma takardun ƙara, sai jawaban 'yan siyasa: da safe ya rubuta wa wannan jam'iyya, da yamma ya rubuta wa waccan amsa. Kafin shekara goma ya sayi tafireta da keke da rediyo, ba ya cin tuwo sai da nama. Shi ya tsara takardar da ta sa kamfanin gini ya kori mijina Monday bisa ƙaryar satar siminti. Da Monday ya tare shi, cewa ya yi, "Ni hannu ne kawai. Kawo kuɗi in rubuta maka taka." Tun ranar na tsane shi, ban kuma ɓoye ba.

Yau ga hannun ya mutu, yana son a rubuta wa 'yarsa Rhoda a Kagoro. Ranar da aka binne uwarta bai je ba, wai aikin zaɓe ya riƙe shi. Shekara biyu ke nan ba ta amsa masa ko gaisuwa.

Ya fara faɗa, ina rubutawa. Gaisuwa mai tarin yawa, fatan alheri, yaya mijinta, yaya damina, yaya dattawan gari. Har shafin ya kusa cika bai taɓo maganar ba.

"Akawu, rana na yi, ina da wake a wuta. Faɗi abin da kake so."

Ƙuda ya sauka a kan mataccen hannun, bai ji ba.

"Ki ce mata... ranar nan... batun uwarta..." Ya kau da ido. "Ke dai kin san yadda ake sawa. Ki gyara shi ya yi daɗi. Haka nake yi wa mutane."

"Ni ba akawu ba ce. Abin da ya fito bakinka shi zan rubuta."

"Haba, Maman Judith."

"Magana ce guntuwa. Faɗe ta."

Na san maganar, shi ma ya sani: neman gafara ce. Ya rubuta ta sau ɗari a madadin mazan da suka gudu suka bar iyali. So nake in ji ta da kunnena, ko da ba ni za a faɗa wa ba. Leɓensa ya yi ta motsi, ya dubi rufin kwano, ya dube ni.

"Je ki duba wakenki," ya ce. "Anjima ma ƙarasa."

Na tafi, raina fari ƙal, wai na yi nasara. Kafin in sauke tukunya Akawu ya cika.

Na zauna da takardar a cinya har la'asar. Layi ɗaya da hannuna ya isa, ba kuma wanda zai taɓa sani. Ban ƙara ba. Saƙon mutuwar dai muka ba direban motar Kafanchan ya kai wa Rhoda a Kagoro.

Rhoda ta iso bayan an binne shi da kwana biyu, ƙafafunta duk jar ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce, "Mama, ya bar mini wata magana?"

Na miƙa mata. Ta zauna a kan turmina da ke kife, tana bin layin da yatsa har ta kai inda tawada ta tsaya. Sai ta juya takardar a hankali, ta zuba wa farin bayanta ido.