Haske Ta Zo Shan Ruwa

Guga na goma Mairama ke ja sa'ad da ta hango saniyar. Fara ce, ƙahon hagu a karye, kunnen dama da tsaga biyu, shaidar gidansu. Saura kaɗan igiya ta suɓuce mata.

Haske ce. Masu babura suka kora ta ranar da suka kashe Ibrah, mijin Mairama, a gona, shekara biyu ke nan.

Bana aka yi sulhu da su, in har sunansa ke nan. Dattawan ƙauye suka dafa Alƙur'ani, mutanen daji na zaune da bindigogi a cinya. Gonakin yamma sun zama makiyayarsu. Kowace Talata 'yan gari za su ja wa garkensu ruwa. Abin da aka kora kuwa ya tafi. Duk wanda ya ce "tawa ce" ya warware sulhu, gari ya sha wuta. Dattawa har godiya suka yi. Wanda aka kayar ai ba ya zaɓen inda zai faɗi.

*

Saniyar ta ɗago kai daga komin ruwa, ta shinshina iska, ta ratso garke ta nufo Mairama, hantsa cike. A gida kuwa Ummul, autar Mairama, na kwance, gashi ya yi ja, ciki ya kumbura. Likita a Filinge ya ce nono take buƙata.

Sule, ƙanen Ibrah, da ke jan ruwa gefen Mairama, ya yi ƙasa da murya. "Matar yaya, don Allah kar ki dube ta."

"Ita ta gane ni, Sule. Mi zan yi mata?"

Haske ta iso, ta hau lasar hannunta kamar dā. Mai garken ya taso daga inuwa, bindiga a rataye.

"Ke, kin san saniyag ga?"

Mairama ta ji dama ƙasa ta tsage ta shige.

"Ban san ta ba."

"To mi taka nema wurinki?"

Mairama ta ninka igiyar guga, ta zabga wa Haske a fuska. Saniyar ta ja da baya, ta sake dawowa. Mairama ta ƙara mata, ta ƙara, tana hawaye, sai da saniyar ta juya.

"Madalla," in ji mutumin. "Ruwan komi ya yi ƙasa."

Mairama ta zura guga. Can gefen garke Haske ta tsaya tana kallonta da ido ɗaya a kumbure, nono na ɗiga daga hantsarta, rairayi na shanyewa.